Ungo

Shekara talatin da biyu ke nan rabon da wani ya kira mai waldan bakin makaranta da sunansa na yanka. Ungo ake ce masa. Mai shagon kusa da shi, direbobin tasha, har surukarsa kafin Allah ya karɓi ranta, kowa Ungo. Idan mutum ya kawo masa kujerar da ƙafarta ta ɓalle, sai ya miƙa masa yana washe baki ya ce, "Ungo, ungo." Kowannensu kuma gani yake shi ya fara ƙirƙiro wannan barkwanci. Shi dai sai ya karɓa, ya sauke baƙin gilashinsa a ido, ya bar tartsatsi ya ba su amsa.

A filin sakandaren gwamnati da ke tsallaken titi ya samo sunan. Makarantar, a faɗi gaskiya, ba ta yi fice a boko ba. Rabin tagoginta ba gilashi, allon wani ajin ma ya koɗe har alli ba ya kama shi. Amma a tseren miƙa sanda, wanda mutum huɗu ke yi, kowa ya ci mita ɗari ya miƙa wa na gabansa, duk gundumar ba mai ja da ita. An canza shugaban makaranta sau shida, kofin gasar yana nan kan kabad ɗin ofis bai motsa ba.

Ranar da aka fara ɗauko kofin nan, mai walda yana aji huɗu, shi ne na uku a layi, mai gudun kwana, wato inda hanyar tsere ke lanƙwasawa. Sanda ta iso hannunsa makarantarsu tana ta biyar cikin shida. Ƙafarsa ko takalmi babu. A cikin kwanar nan ya wuce mutum huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ya iso kan mai gudun ƙarshe na makarantarsu ya tarar da shi ya riƙe ƙugu yana kallon rumfar 'yan mata. Nan ya ƙwalla ihun da duk filin ya ji: "Ungo!" Wancan ya zabura ya fizge sanda, ya miƙe a hanya fetal, ba kowa a gabansa, ya tsinka zare da ƙirji. Aka ɗaga shi sama, aka zagaya fili da shi, aka raɗa masa suna Zare. Mai gudun kwana kuwa yana kwance cikin ciyawa yana kakarin amai. Kafin ya miƙe jama'a sun watse. Abin da ya tsira da shi a ranar suna ne kawai, shi ma na tsokana.

Tun daga nan ba a miƙa sanda shiru a makarantar. Mai bayarwa zai ce "Ungo!", 'yan kallo kuma su amsa da shi baki ɗaya har tsuntsaye su tashi daga bishiyoyin bayan fili. Zare ya wuce kwalejin malamai, ya dawo malamin wasanni a nan inda ya taso. Ungo bai ƙarasa aji biyar ba, mahaifinsa ya rasu, ya shiga koyon walda. Yanzu idan sababbin ɗalibai suka tambayi asalin kalmar, sai manyansu su ce Malam Zare ne ya kawo ta. Zare bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba. Amma Ungo ya daɗe yana baza kunne, bai taɓa jin ya musa ba.

Ba gaba suke yi ba. Da gaba ce ma da ya fi samun sauƙi. Kullum da safe Zare zai rage gudun babur a bakin shago, usur a wuya, tumbi ya cika rigar wasanni.

"Ɗan kwana! Ya ƙarfe?"

"Ƙarfe na nan da zafinsa, Malam. Ya hura usur? Aiki dai ya yi yawa."

"Kai dai ba ka rabo da baƙar magana," in ji Zare, ya yi dariya ya ja babur.

Sai Ungo ya bi tumbin da kallo har ya shige ƙofar makaranta, ƙofar da shi ya haɗa ta da hannunsa.

To, Allah ya ba shi 'ya mai gudu. Ƙawayenta Mazari suke ce mata saboda rashin jikinta da yadda take shan kwana kamar ba ta taka ƙasa. Shi kuwa Uwata yake kiranta. Shekara biyu tana cikin 'yan gudun makaranta, kuma a ina Malam Zare ya ajiye ta? Ta uku, a kwana. Wa ke tsinka zare? Doguwa, 'yar Malam Zare ta cikinsa. Ungo ya haɗiye wannan shekara biyu.

Bana ce shekarar Mazari ta ƙarshe. Bana kuma aka aiko takarda cewa wata mai zaɓen 'yan wasa za ta zo daga babban birni ranar gasa, za ta ɗauki yarinya ɗaya tak zuwa sansanin horo, da gurbin karatu a kwaleji. Ɗaya, ba biyu ba.

Da la'asar ya shigo gida ya tarar da ita tsugune a bakin famfo tana wanke takalmin gudu da tsohon buroshin haƙori.

"Uwata, bana ma kwanar ce?"

"Ita ce, Baba."

"Ba ki taɓa cewa a ba ki ƙarshe ba?"

"In yi me da ƙarshe? Can fa ba gudu ake ba, rakiya ce. A kwana ake cin mutane."

"Haka aka gaya miki?"

"Haka nake ji a ƙafata."

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Malam, don Allah ka ƙyale yarinya. Ita ba ta yi ƙorafi ba, kai ke ƙaiƙayi."

"Ke yi aikinki. Wanda bai taɓa kwanciya a ciyawa ana wucewa da wani a kafaɗa ba, me ya sani?"

"Af, an taɓo ciyawa," in ji ta. "Yau sai mun ji mutum huɗun nan da sunayen makarantunsu."

Mazari ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Dariyar nan ta fi maganar uwar ƙona masa rai.

Kwana biyu bayan haka aka kira shi makaranta ya gyara ƙarfen ragar ƙwallo da ya tsage a gindi. Yana tsugune yana goge tsatsa Zare ya zo ya tsaya a kansa, ya riƙe masa ƙarfen da hannu ɗaya.

"Malam," in ji Ungo, bai ɗago ba, "bana da baƙuwa za ta zo, ba za a ɗan juya layin ba? Kowa ya ɗanɗana zare?"

"Wane juyi? Wanda ke da irin Mazari ai a kwana yake sa ta. Duk gundumar nan ba ƙafar da ta kai tata a wurin. Tawa tsawo ne kawai Allah ya ba ta, a miƙe take da amfani. Kai da ka yi gudun kwana, ni zan gaya maka?"

"Ni ma haka aka ce mini lokacin. Wai ni na fi kowa."

"Kuma gaskiya aka gaya maka."

"Shi ya sa nake nan ƙasa ina kankare tsatsa, kai kana tsaye."

Zare ya saki ƙarfen. "Haba, ɗan'uwa. Wallahi alheri nake nufin yarinyar nan da shi. Matar da za ta zo tsohuwar 'yar gudu ce, ta san inda ake kallo."

Ungo ya kunna inji. Cikin ƙarar yake cewa a ransa: ji daɗin baki. Ta san inda ake kallo, ai kowa ya sani. Rumfar manya a ina ake kafa ta? Mai hoto a ina yake tsayawa? Mutum ya ajiye 'yarsa a gaban rumfa, ya tura tawa can bayan fili kusa da bola, sannan ya ce alheri yake yi mini.

Ungo bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya san mutane, ya kuma san cewa ba a tunkarar mai muƙami da ƙara. Shugabar makarantar sabuwa ce, wata biyar da zuwanta, kuma abin da ta fi tsoro a duniya shi ne a rubuta takardar koke a kanta zuwa ofishin ilimi. Ranar da ta kira shi ya sa ƙarafa a tagar ofishinta, ya yi aikin a tsanake, yana auna nan yana ƙwanƙwasa can, ita tana sa hannu a takardu.

"Ranki ya daɗe, kun yi dace da malamin wasanni. Tare muka taso, mutumin kirki ne. Shi ya sa nake jin zafin abin da ake faɗi."

Alƙalaminta ya tsaya. "Me ake faɗi?"

"A'a, zancen banza ne na iyaye. Kin san shagona a bakin hanya yake, komai sai ya faɗo kunnena. Ni har faɗa na yi da wani jiya."

"Ka faɗa mini mana."

"Wai shekara biyu 'yarsa ce ke tsinka zare. Wai bana da za a zo zaɓe, an riga an gama zaɓen tun a gida. Na ce musu ku ji tsoron Allah. Wani ma har yana zancen rubuta takarda. Na ce ka rubuta wa wa? Matar nan ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, za ka jawo mata."

Shugaba ta cire tabarau ta ajiye. "Wace yarinya ce ta fi gudu bayan tasa?"

"Wannan kuma ba a bakina ba, ranki ya daɗe. Ina da 'ya a ciki, kar a ce." Ya jijjiga ƙarfen taga. "Kin ga, wannan ko da guduma ba mai cire shi."

Washegari aka juya layi. Doguwa ta koma kwana, Mazari ta koma ƙarshe.

Da rana tsaka Zare ya tsallako titi a ƙafa, ba babur, ba dariya. Ya tsaya a bakin shago har Ungo ya gama ɗinke wata ƙofa.

"Kai ne, ko?"

"Ni ne me?"

"Saura kwana goma. Yarinyar da ta shekara biyu tana gudun kwana za ta koyi gudun ƙarshe, wadda ta shekara biyu tana karɓa za ta koyi bayarwa. Zan koya musu, aikina ne. Amma ka sani, ba ni ka cuta ba."

"Malam, ni mai walda ne. Ina ni ina layin gudu?"

Zare ya dube shi ya daɗe, sannan ya juya. Ungo ya ji wani sanyi a ƙirji wanda ya manta da irinsa. Shekara talatin da biyu, yau ce rana ta farko da ya ga mutumin nan ya tafi kafaɗa a sake.

A gida Mazari, da ta gane daga inda juyin ya fito, ba ta tayar masa da zancen ba. Takan gaishe shi da safe, ta kawo masa ruwa, ta wuce. Ya ce a ransa ƙuruciya ce, ranar da aka ɗaga ta sama za ta gane.

Ranar gasa ya rufe shago tun da hantsi, ya sa rigarsa mai kyau wadda tartsatsi bai huda ba. An shata layuka da farar ƙasa, an kafa rumfa, lasifika tana ta shaƙewa. Ya kutsa ya samu wuri daidai inda za a ja zare, dab da kujerun manya. Akwai kujera ɗaya mai hannu da aka manna wa takarda, an ce ta baƙuwa ce. Ya zuba mata ido. Aka yi tsalle, aka yi jifa, aka yi gudun maza, kujera ba kowa.

"Baƙuwar ba ta iso ba ne?" ya tambayi wani malami mai rabon ruwa.

"Ta iso tun ɗazu. Ga ta can."

Ya bi yatsan malamin. Can ƙarshen fili, bayan tulin yashi, kusa da bolar da ake ƙona takardu, wata 'yar ƙaramar mata ce tsaye cikin rana da koɗaɗɗiyar hula, agogo a hannu. Daidai tsakiyar kwana ta biyu.

Ya yunƙura zai tashi, bai ma san inda za shi ba, sai aka buga katakon tashi.

Ta farko ta yi abin da za ta iya. Ta biyu ta yi tuntuɓe wajen karɓa, ta ɓata taku uku, sanda ta isa hannun Doguwa makarantarsu tana ta huɗu. Ungo ya miƙe tsaye. Idonsa na tsohon mai kwana yana ganin duk kuskuren yarinyar: gwiwar hannu a baje, jiki a miƙe maimakon ta kwanta ciki, tana cin bakin layi na waje tana ƙara wa kanta tafiya. Da Mazari ce, da tuni ta manne da layin ciki kamar an ɗinke ta. Amma Doguwa ta ga mutane a gabanta, abin da ba ta taɓa gani ba tun da ta fara gudu, sai zuciya ta ɗebe ta. Ta wuce ɗaya. Ta wuce ta biyu daidai gaban matar mai hula. Ta kamo ta ukun a fitar kwana, ta wuce ta da faɗin kafaɗa.

"Ungo!" in ji Doguwa, filin gaba ɗaya ya amsa.

Mazari ta karɓa tsaf, ko waiwaye ba ta yi ba. Hanya fetal, ba kowa a gabanta. Kafin taku ashirin ta ba na bayanta rata, ta iso ta tsinka zare da ƙirji a gaban ubanta. Ya daka tsalle, ya rungume mutumin da bai sani ba. "'Yata ce! Tawa ce!" Ɗalibai suka yi caa, suka ɗaga ta sama. Na ɗan lokaci ya manta da komai.

Sai ya hango matar mai hula tana tahowa. Ba wajen zare ta nufa ba. Ta tsaya inda Doguwa ke kwance cikin ciyawa tana haki, ubanta na yi mata fifita da kwali. Ta tsuguna, ta fito da ɗan littafi.

Ungo bai san lokacin da ya ratsa fili ba.

"Ranki ya daɗe, gafara dai. Wadda ta tsinka zare tana can. Waccan da aka ɗaga."

"Na gan ta, Baba. Allah ya yi mata albarka, ta riƙe abin da aka ba ta."

"Ai ita ta ci!"

"Makaranta ta ci. Yarinya ta karɓi sanda ba kowa a gabanta, ba wanda ya matsa mata, me zan gani a nan? Ni a kwana nake sanin mai gudu. Wannan ba ta iya ba tukuna, duk hannu a watse, amma na ga abin da take yi idan an wuce ta. Sauran za mu gyara."

"To ai waccan 'yar kwana ce! Shekara biyu tana gudun kwana! Ki tambayi kowa, ba ƙafar da ta kai tata!"

Matar ta ɗago ta dube shi. "To me ya kai ta ƙarshe yau?"

Mazari ta riga ta sauko, tana tsaye a bayansa, guntun zare maƙale a rigarta. Shugaba ma ta ƙaraso da murmushinta na ranar biki. Ya jira Zare ya buɗe baki ya tona shi a gaban kowa. Da ya yi hakan, da ya samu abin riƙewa.

"Ni na juya su," in ji Zare. "Kuskurena ne. Ranki ya daɗe, ki ba mu minti goma yarinyar ta huta, ta zagaya miki kwanar ita kaɗai, ki duba agogo. Wallahi ta fi tawa."

"Malam, gudun mutum shi kaɗai ba shi nake nema ba. Kuma ga mota tana jira, akwai gunduma biyu a gabana kafin yamma. Abin da na gani da idona shi zan rubuta." Ta juya ga Doguwa. "'Yata, faɗa mini cikakken sunanki."

Doguwa ta faɗa, idonta a kan Mazari, muryarta kamar mai neman gafara. Mazari ta tsuguna ta rungume ta, ta ce mata wani abu a kunne, sannan ta miƙe ta nufi ƙofa ba ta jira rabon kyauta ba.

Ungo ya bi ta a baya. "Uwata. Uwata, tsaya mana."

Ta tsaya a bakin titi, ba ta juyo ba. "Ka ga an ɗaga ni, Baba?"

"Na gani."

"To alhamdu lillahi."

Ta tsallaka. Kafin ya samu hanya tsakanin motoci ta yi nisa, takalmanta a hannu.

Da ya isa gida ta riga ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ya zauna a kan benci a tsakar gida da rigarsa mai kyau. Daga makaranta ana jiyo lasifika tana kiran sunaye. Yana so ya yi tunanin yarinyar da ke kuka a bayan ƙofa, Allah ya sani yana so, amma duk inda ya juya zuciyarsa sai ta koma kan matar nan tsugune cikin ciyawa da littafi a hannu, da Zare yana cewa kuskurena ne, a gaban mutane, kamar wanda ya ba da sadaka.

Matarsa ta fito daga ɗakin, ta ja ƙofa a hankali, ta zo ta tsaya a gabansa.

"Ta gaya mini. Yanzu me za ka ce wa yarinyar nan?"

Ya murza tafin hannunsa mai kanta.

"Malam, da kai nake."

"Uku fa ta wuce," in ji shi. "Uku kacal, har aka taso aka zo inda take. Ni huɗu na wuce."

Matarsa ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ɗebi ruwa a kofi, ta koma wajen 'yarta.